Ƙabila, Addini da Jiha a Aikin Soja: Ina Suka Dace, Ina Ba Su Dace Ba?

Tambaya: “Yallaɓai, barka da hutawa. Na ji a labarai cewa sakataren tsaron Amurka ya rufe ofisoshin da ke kula da wakilcin baƙar fata da mata a rundunar sojinsu, yana cewa aikin soja yaƙi ne, ba siyasar launin fata ba. A nan gida kuma ƙanena ya nemi shiga soja, ya ci gwajin gudu da na lafiya, amma aka ce gurbin jiharmu ya cika, alhali wasu jihohin ko cika nasu ba su yi ba. Shin mene ne ainihin amfanin soja? Kuma ƙabila da addini da jiha suna da wuri a cikinsa, ko kuwa a bar cancanta kaɗai ta yi aiki?”

Barka kadai, ɗan'uwa. Allah ya ba ƙanenka haƙuri, ya sa rabonsa na gaba. Tambayoyi biyu ka ɗaure wuri guda: me aka kafa soja ya yi, sannan ina ya dace a ajiye maganar “kai ɗan ina ne” a cikin wannan aiki. Na sa kaki har na yi ritaya, na horar da kurata, na kuma jagoranci sojoji a garuruwan da rikici ya ɓarke tsakanin maƙwabta. Abin da na tsaya a kai shi ne asalin mutum yana da wuri a ƙofar shiga, domin sojan na ƙasa ne baki ɗaya kuma dole kowane yanki ya ga nasa a ciki. Da zarar an wuce ƙofar kuwa, ba shi da hurumi wajen ba da umarni, ko ƙarin girma, ko zaɓen wanda za a tura fagen daga. Yawancin gardamar da ake yi, a Amurka da nan gida, ta samo asali ne daga cakuɗa waɗannan wurare biyu.

Aikin da aka ɗauke shi dominsa

Sashe na 217 na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya zayyana aikin: kare ƙasa daga harin waje, tsare iyakokinta ta ƙasa da ruwa da sama, murƙushe tawaye da taimaka wa hukumomin farar hula wajen maido da doka idan Shugaban Ƙasa ya kira, sai kuma duk wani aikin da Majalisar Tarayya ta ɗora masa ta hanyar doka. Soja shi ne ma'aikacin da doka ta yarda a umarce shi ya kashe, a kuma umarce shi ya shiga inda ya san mai yiwuwa ba zai fito ba, kuma idan ya ƙi a gurfanar da shi gaban kotun soja. Makarantun bariki, asibitoci, sama wa matasa abin yi, haɗa kan 'yan ƙasa, duk alheri ne da ke biyo baya. Ba dominsu aka sayi bindiga ba. A nan na yarda da duk wanda ya ce a auna kowane tsari da tambaya guda: zai ƙara wa rundunar ƙarfin yin wannan aiki, ko zai rage?

Sai dai ka lura da inda sojan Najeriya yake aiki a yau. Borno da Yobe, dazukan Zamfara da Katsina, Filato da Binuwai, yankin Neja Delta, Kudu maso Gabas. Kusan duk a cikin gida ne, a tsakanin 'yan ƙasarsa. Wanda yake farautar ɗan bindiga a cikin jama'a ba ya ganin komai sai abin da jama'a suka nuna masa, kuma ba sa nuna wa wanda suke ganin sojan wasu ne. Shi ya sa yardar mutane take cikin ƙarfin yaƙi, daidai da harsashi da man mota. Waɗanda suka rubuta kundin sun san haka, domin a cikin wannan sashe na 217 ɗin, nan da nan bayan jero ayyukan, suka ce tilas hafsoshi da ƙananan sojoji su nuna yadda tarayyar take a haɗe. Ba don ado suka sa wannan layi ba. Jini ne ya rubuta shi.

Yadda muka zo nan

Rundunar ta faro ne da wariya tun daga tushe. A 1863 wani hafsan sojan ruwa na Ingila, John Glover, ya tara 'yan Arewa kaɗan a Legas, aka riƙa kiransu Hausawan Glover. Daga irin waɗannan ƙananan runduna aka gina ta Afirka ta Yamma wadda Lugard ya jagoranta a ƙarshen ƙarni na 19. Turawa suna da aƙidar cewa wasu ƙabilu an halicce su ne don yaƙi, wasu kuma don alƙalami. Suka cika sahun masu riƙe bindiga da 'yan Arewa, Hausawa da Kanuri da Tibi da Angas da Dakarkari da Bachama da sauransu, har Hausa ta zama harshen bariki na tsawon shekaru. Aikin akawu da kanikanci da sadarwa kuma suka bar wa 'yan Kudu masu takardar boko. Hakan ya yi musu daidai, domin mai mulkin mallaka ya fi son sojan da ba ya jin yaren garin da aka tura shi ya ladabtar.

Da aka zo maye gurbin hafsoshin Turawa da 'yan ƙasa, sai takardar makaranta ta zama mizani, kuma kowa ya san inda makarantu suka fi yawa a lokacin. Aka wayi gari gab da samun 'yancin kai mafi yawan hafsoshi 'yan ƙasa daga Gabas suke, masu riƙe bindiga kuma daga Arewa. Don gyara wannan aka kawo tsarin kaso: a 1958 ga ƙananan sojoji, a 1961 kuma ga hafsoshi, lokacin Muhammadu Ribadu yana ministan tsaro. Arewa kashi 50, Gabas 25, Yamma 25.

Kason ya gyara ƙofa, amma ba wanda ya kula da abin da ke faruwa a ciki. Hafsoshi suka zama hawa-hawa: manjoji da laftanar-kanar akasari waɗanda suka shiga kafin 1961, ƙananan hafsoshi kuma akasari 'yan Arewa da suka shigo bayanta. Na sama suna ganin an sassauta wa na ƙasa, na ƙasa suna ganin an tare musu hanya. 'Yan siyasa kuma kowa na da nasa yaran a bariki.

Ranar 15 ga Janairun 1966 wasu manjoji, cikinsu har da Chukwuma Kaduna Nzeogwu da Emmanuel Ifeajuna, suka kashe Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Sardauna Ahmadu Bello, da Firimiyan Yamma Samuel Akintola, da ministan kuɗi Festus Okotie-Eboh. Har gobe ana gardama kan niyyarsu. Amma sojan da ke bariki bai tsaya nazarin niyya ba, sunayen matattu ya duba: Birgediya Zakariya Maimalari, Kanar Kur Mohammed, Laftanar-Kanar Yakubu Pam, Laftanar-Kanar Abogo Largema, wato kusan duk manyan hafsoshin Arewa a dare guda. An kashe Birgediya Ademulegun da Kanar Shodeinde daga Yamma, da Laftanar-Kanar Unegbe wanda Ibo ne, amma lissafin bariki ya riga ya tsaya. Janar Aguiyi-Ironsi, shugaban rundunar wanda shi ma Ibo ne, ya karɓi mulki, bai gurfanar da masu juyin ba, aka yi ƙarin girma wanda mafi yawan masu cin gajiyarsa Ibo ne, sannan ga Doka ta 34 a watan Mayu wadda ta rushe tsarin tarayya. Ranar 29 ga Yuli aka rama. Aka kashe Ironsi da mai masaukinsa Adekunle Fajuyi a Ibadan, aka bi sojojin Gabas ana kashewa a barikoki, mutanen da jiya ake cin abinci a kwano ɗaya da su.

Akwai wani ƙaramin lamari na waɗannan kwanaki da na kan ba ƙananan hafsoshi labarinsa. Birgediya Babafemi Ogundipe, wanda shi ne mafi girman muƙami bayan Ironsi, ya ba wani saje ɗan Arewa umarni a Legas, sajen ya ce ba zai yi ba sai ya ji daga bakin kyaftin ɗinsa. A wannan lokaci babu sauran rundunar sojan Najeriya, sai taron mutane masu kaki iri ɗaya da kowa ke jiran umarnin nasa. Cikin Agusta aka fara mayar da sojoji yankunansu na asali don a tsayar da zubar jini, kuma daga nan zuwa yaƙin basasa na Yulin 1967 zuwa Janairun 1970 tafiyar ba ta da nisa. Cutar ba ta warke da ƙarewar yaƙi ba. Ranar 22 ga Afrilun 1990 Manjo Gideon Orkar, a wani yunƙurin juyin mulki da bai yi nasara ba, ya hau rediyo ya sanar da cire jihohin Sakkwato, Borno, Katsina, Kano da Bauchi daga Najeriya.

Maganar Amurka

Tasu gardamar daga wani tushe ta taso. Har bayan Yaƙin Duniya na Biyu baƙar fata a runduna dabam suke, akasari ƙarƙashin hafsoshi farare. Shugaba Truman ya ba da umarnin kawo ƙarshen haka a Yulin 1948, kuma masu adawa a lokacin sun ce ana gwajin siyasa da rundunar yaƙi, za a lalata haɗin kanta. Yaƙin Koriya ya nuna akasin haka, kuma zuwa 1954 an rushe rundunonin baƙaƙe zalla. Amma lokacin yaƙin Biyetnam an sake shiga matsala, domin baƙaƙe sun yi yawa a ƙasa, a sahun hafsoshi kuma 'yan ƙalilan ne. Aka riƙa faɗan launin fata a sansanoni, har a cikin jirgin ruwan yaƙi Kitty Hawk a Oktoban 1972. Wannan ne ya sa a 2003 wasu tsofaffin janar-janar suka rubuta wa Kotun Ƙoli cewa samun hafsoshi daga kowane launin fata lamari ne na tsaron ƙasa. Ko a 2023, da kotun ta haramta duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai a jami'o'i, ta ƙi yanke hukunci a kan makarantun horar da hafsoshi.

A Janairun 2025 Shugaba Trump ya sa hannu a umarnin rufe waɗannan ofisoshi da ka ji labari, sakataren tsaro Pete Hegseth ya soke bukukuwan watannin tunawa da jinsuna dabam-dabam a runduna, ya kuma ce kirarin nan na cewa bambancinmu shi ne ƙarfinmu shi ne mafi wautar zance a tarihin soja. A Fabrairu aka sauke Janar Charles Brown, baƙar fata na biyu da ya taɓa shugabantar majalisar hafsan hafsoshin ƙasar bayan Colin Powell.

Ni dai a ganina kowane ɓangare yana riƙe da wani yanki na gaskiya. Idan ka tara sojoji kana koya musu su riƙa kallon juna a matsayin wakilan rukuni, wannan mai zalunci, wancan wanda aka zalunta, to kana warware abin da horo ya ɗinka. Lokacin horo kuma ƙayyadadde ne, duk awar da aka kashe a lacca an ɗebe ta ne daga filin harbi. Amma wanda ya ce a daina duba ko su waye hafsoshi ya manta da Biyetnam. Kuma idan aka kai ga duk baƙar fata ko macen da ta hau babban muƙami ana zargin alfarma ce ta kai ta, to siyasar asalin ba ta fita ba, ta sake ƙofa ne kawai. Abu ɗaya da zan ja hankalinka a kai: kada mu ɗauko tasu gardamar mu ɗora a kan tamu. Su suna magana ne kan tsiraru a rundunar da ke yaƙi a ƙetare. Mu kuwa ƙasa ce mai manyan ɓangarori da kowannensu ke tsoron ɗaya ya riƙe bindiga shi kaɗai, kuma an taɓa gwadawa.

Ƙasashe biyu sun ishe mu misali. Burundi ta daɗe da runduna a hannun 'yan Tutsi tsiraru, kuma sojojin ne suka kashe zaɓaɓɓen shugaba Melchior Ndadaye, ɗan Hutu, a Oktoban 1993. Yarjejeniyar Arusha ta 2000 ta ce kada wata ƙabila ta wuce rabin rundunar, aka cakuɗa tsofaffin abokan gaba, kuma daga 2007 wannan runduna ta je aikin wanzar da zaman lafiya a Somaliya. Lebanon kuma ta raba muƙamai bisa addini da mazhaba, ta bar wasu birged suka zama kusan na mazhaba guda. A Fabrairun 1984 Birged ta Shida, wadda akasarinta 'yan Shi'a ne, ta ƙi yaƙar mayaƙan mazhabarta a Beirut, rundunar ta dare. Duka biyun sun yi rabo. Bambancin shi ne ko an cakuɗa mutanen bayan rabon, ko an bar kowa a tsakanin nasa.

Abin da na gani da idona

An taɓa tura mu wani gari da rikicin addini ya raba biyu, titi guda ne tsakanin unguwannin. Abin da na fara lura da shi shi ne mutane ba fuskar soja suke kallo ba, ƙirjinsa suke kallo, inda aka ɗinka sunansa. Mace na goye da yaro, wuta na ci a bayanta, amma sai ta tsaya ta karanta ko Musa ne ko Moses kafin ta yanke shawarar gudowa wurinsa ko guje masa. Daga ranar na hana a fitar da motar sintiri sai da Musulmi da Kirista a ciki, kuma duk shingen da aka kafa haka. Idan za a kama wani a unguwar Musulmi, na fi son sajen da zai fara ɗora masa hannu ya zama Musulmi, haka ma a ɗaya ɓangaren. Da a ce duk sojojina daga yanki ɗaya suke, komai ƙwarewarsu a harbi, da rabin garin sun ɗauke mu abokan gaba. A nan na ga amfanin rabon da aka yi a ƙofa.

A wannan aikin ne kuma wani kofur nawa ya zo mini da dare, idanunsa sun yi ja, ya ce an kashe ɗan ƙanwar mahaifiyarsa a ɗaya unguwar. Na karɓi bindigarsa da hannuna, na mayar da shi sansani ya yi kwanaki yana aiki a sito. Bai ji daɗi ba, ya ɗauka na raina amanarsa. Ban raina ba. Mutum ne, kuma kaki ba ya goge dangantaka. Aikin kwamanda shi ne ya san asalin yaransa sarai don kada ya ɗora wa wani kayan da ya fi ƙarfinsa. Da ya huce ya dawo bakin aiki, ya tsare ƙofar majami'a kamar yadda ya tsare ta masallaci.

Saboda haka nake bambanta asali da siyasar asali. Shiga kowane babban bariki za ka tarar da masallaci da cocin Katolika da na Furotesta, da limamai da fastoci masu igiya a kafaɗa. Matan sojoji suna da Magajiyarsu. A bikin al'adu na ƙarshen shekara da ake yi a bariki, wanda ake kira WASA, kowace ƙabila ta fito da rawarta da abincinta, kwamanda na zagayawa yana ɗanɗanawa. A 2017 rundunar ƙasa ta umarci jami'anta su koyi Hausa da Ibo da Yarabanci, wanda a wurina dabarar yaƙi ce tsantsa. Sojoji mata ma haka: a Arewa maso Gabas, lokacin da ake ɗaura wa 'yan mata bam, wa zai binciki mace a shingen bincike in ba mace ba? Duk wannan mutunta mutum ne da amfani da abin da ya zo da shi. Siyasar tana farawa ne ranar da samanja ya sauƙaƙa wa ɗan garinsu aikin gadi, ko aka cire sunan wani daga jerin masu tafiya daji saboda kawunsa ya buga waya, ko kuma jerin ƙarin girma ya fito aka ga wanda ya faɗi jarrabawa ya tsallake wanda ya ci. Soja yana jure yunwa da rashin barci da jinkirin alawus fiye da yadda farar hula ke zato. Abin da ba ya jurewa shi ne ya gane cewa ransa ya fi na wani araha saboda sunansa.

A ƙofar ma akwai sharaɗi: mizani ɗaya ga kowa. Kaso ya faɗi mutum nawa za a ɗauka daga kowace jiha, amma kada ya taɓa tsawon tazarar gudu, ko gwajin lafiya, ko makin da ake ci. A ɗauki mafi cancanta daga cikin 'yan kowace jiha. Na zauna a wurin tantance masu neman shiga, na ga 'yan takardun da manyan mutane ke aikowa da sunaye, na ga saurayin da ya zo da takardar shaidar wata ƙaramar hukuma amma ya kasa faɗin sunan hakiminta ko gaisuwa da yarenta. Waɗannan su ne ke cin gurbin irin ƙanenka, su ne kuma ke sa a tsani tsarin da ba shi ne ya yi laifin ba.

Inda maganar ke da wuya

Layin da na ja tsakanin ƙofa da ciki yana aiki sosai daga kurtu har zuwa kanar. A can ƙoli sai ya dushe. Naɗa hafsan hafsoshi ikon Shugaban Ƙasa ne, kuma ba yadda za a yi ya rasa siyasa a ciki. Sai a 2010, shekara 40 bayan yaƙin basasa, aka sake samun ɗan ƙabilar Ibo a shugabancin rundunar ƙasa, wato Janar Azubuike Ihejirika. Ba wanda zai ce a duk tsawon shekarun nan hakan bai isar da wani saƙo ga matasan yankin ba, kuma rundunar da kanta ta sha kokawa a fili cewa matasan Kudu maso Gabas ba sa cika gurabensu. To amma idan aka tsallake manya don a kai ga wanda ake so daga wani yanki, al'adar soja ta tilasta duk waɗanda suka girme shi su yi ritaya, ƙasa ta yi asarar janar-janar da ta kashe dukiya wajen horarwa. Ra'ayina shi ne a fara tace waɗanda suka cancanta ba tare da duba suna ba, sannan a cikinsu shugaba ya duba daidaito. Na san wannan ba ya hana son rai, yana rage masa fili ne kawai.

Mu farar hula ma, tunda yanzu ni ma cikinku nake, muna da namu kason laifin. Duk ranar da aka sanar da sababbin shugabannin tsaro, kafin a tambayi inda mutum ya yi yaƙi an riga an ƙirga Musulmi nawa, Kirista nawa, ɗan wane yanki. A zamanin Buhari 'yan Kudu suka yi kuka, da mulki ya koma Kudu 'yan Arewa suka karɓi kukan. Hafsan da garinsu suka yi masa walima a matsayin “namu ya samu” an ɗora masa bashi, kuma wata rana za a zo karɓa. A Maris na 2018 Janar T. Y. Ɗanjuma, tsohon hafsan hafsoshin rundunar ƙasa, ya tsaya a Jalingo ya ce sojoji ba 'yan ba-ruwanmu ba ne a rikicin yankin, ya ce mutane su kare kansu. Rundunar ta musanta. Ko ka yarda da shi ko ba ka yarda ba, abin tsoro ne a ce mutum irinsa ya kai ga furta haka, kuma dubban mutane suka gaskata nan take.

Sannan kada a ɗora wa rabon gurabe abin da ba zai iya ba. Ba ya maye gurbin albashi a kan kari, da kayan aiki, da hukunta mai laifi ko ɗan waye. Sojojin Iraƙi da suka watse suka bar Mosul a Yunin 2014 sun haɗa cuta biyu ne: naɗa kwamandoji bisa mazhaba da biyayya ga Firayim Minista Maliki, da kuma cin hanci, har gwamnatin da ta biyo baya ta sanar da gano sojojin bogi 50,000 a takardar albashi. Abin da na faɗa maka kan bariki daga rundunar ƙasa na samo shi, a matakin bataliya zuwa ƙasa. Aikin matuƙin jirgin yaƙi ko injiniyan jirgin ruwa ya fi tsananin buƙatar tacewa, kuma a can ya kamata kaso ya ƙara ja da baya.

Game da ƙanenka, zafin da yake ji gaskiya ne, kuma tsarin ne ya jawo masa, ba gazawarsa ba. Jiha mai yawan masu nema tana zubar da nagartattu, wata kuma tana neman wanda zai cika mata gurbi. Da za a ji tawa, jihar da aka ba ta cikakkiyar dama, aka je har ƙananan hukumominta aka yi shela amma ba ta cika ba, sai a ba da ragowar ga waɗanda suka fi maki daga sauran jihohi a wannan zagayen kaɗai, ba tare da an rage mata kasonta na baɗi ba. Kafin nan, ka gaya masa ya sake nema a zagaye na gaba, ya kuma gwada sojan sama da na ruwa tunda kowanne da lokacin ɗaukarsa. Idan yana da sana'a kamar kanikanci, walda, tuƙi ko aikin jinya, ya nemi takardar shaidarta ya shiga ta layin masu sana'a, domin a nan an ɗaga iyakar shekaru kuma cunkoso bai kai na ɗaya layin ba. Kada ya ba kowa ko sisi, cike fom kyauta ne ta intanet. Kada kuma ya karɓi shawarar sayen takardar wata jiha, domin ko ya wuce tantancewa, duk ranar da aka gano korarsa za a yi, ko da ya shekara goma da kaki.